Karatu a Turai da yawon ganin gari: inda ɗalibanmu suka fi yin tuntuɓe

Kilishi ne ya fara koya min darasi. Ranar da na sauka Jamus karatu, a tsakiyar akwatina akwai ƙullin kilishi da Hajiyarmu ta sa aka yo musamman, da 'yar kwalbar man shanu da ta naɗe a tsohon zani don kada ta fashe. Jami'in kwastan ya buɗe, ya shinshina, ya tambaye ni mene ne wannan. Na ce nama ne busasshe. Bai ƙara cewa komai ba, ya zuba su a leda ya jefa a kwando ina kallo. Garin kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji da ke gefe ko taɓa su bai yi ba. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko madara ko abin da aka yi da su daga waje, don haka kilishi da dambun nama da man shanu da cuku a bar su a gida, a cinye kafin a taso. Na yi sa'a ma ba a ci ni tara ba.

Wannan asarar ta ciki ce, kwana biyu an manta. Wadda ke kayar da ɗalibi warwas ita ce ta takardu.

Da yawanmu mun ɗauka da zarar an buga biza a fasfo an gama. Alhali bizar ƙofar shiga ce kawai, bayan ka shiga akwai abin da ake jira ka yi, kuma ba wanda zai bi ka ya tuna maka. A Jamus, cikin kwana 14 da tarewarka a ɗaki dole ka je ofishin gari ka yi rajistar adireshi, abin da suke kira Anmeldung, da takardar da mai gida ya sa wa hannu. Kusan komai a kanta ya rataya: lambar haraji, katin zama, wasiƙun hukuma. Wasiƙar ma mai kai ta ba lambar ɗaki yake bi ba, suna yake dubawa a jikin akwatin wasiƙu, in babu sunanka ta koma inda ta fito. A Faransa kuwa, mai bizar ɗalibi ta dogon zama wajibi ne ya tabbatar da ita ta intanet cikin wata 3 da isowarsa. Wanda ya yi sakaci wa'adin ya wuce, zamansa ya zama ba bisa ƙa'ida ba ko da kwanan watan da ke jikin bizar bai cika ba.

Sai kuskuren da ya fi kowanne yawa: rashin sanin inda katin zama yake kai mutum da inda ba ya kaiwa. Turai daban, Tarayyar Turai daban, yankin Shengen daban. Shengen, wato ƙasashen da suka ɗage binciken fasfo na yau da kullum a iyakokin da ke tsakaninsu, yanzu ƙasashe 29 ne, tun da Bulgeriya da Romaniya suka gama shiga a farkon 2025, kuma akwai waɗanda ke cikinsa ba sa cikin Tarayyar: Suwizalan, Nowe, Aisilan da Liktenstain. Mai katin zaman ɗalibi na ɗaya daga cikin ƙasashen Shengen yana iya zagaya sauran har kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Ziyara ke nan, ban da aiki. Birtaniya da Ailan ba sa ciki. Mai fasfon Najeriya ko Nijar da ya ga tikitin Landan da araha ya saya ba tare da bizar Birtaniya ba, ya yi wa kamfanin jirgi kyauta. Haka nan masu jin dillalin makaranta ya ce zai kai su Turai, ashe arewacin Saifurus yake nufi, su sani Turkiyya kaɗai ta amince da wannan yanki a matsayin ƙasa, takardar zamansa ba ta kai kowa Faris.

Akwai kuma masu cewa ai babu iyaka, me zan yi da fasfo. Wata rana muna dawowa Jamus daga Firag, babban birnin Cek, a motar dare, wajen ƙarfe 3 motar ta tsaya, aka kunna fitilun ciki, 'yan sanda biyu suka shigo suna bin kujeru ɗaya bayan ɗaya. Abokin tafiyata, wani ɗan Zariya, katin makaranta ne kawai a aljihunsa da hoton fasfo a waya. Ya bar fasfon a ɗaki wai kada ya ɓata. Suka sauke shi, motar ta yi 'yan mintoci ta tashi, ni na zo masa da jakarsa. Sai da rana ta take ya iso gida bayan sun tabbatar da ko shi wane ne, ga kuɗin sabon tikiti. Tun 16 ga Satumba 2024 Jamus ta shimfiɗa bincike a dukkan iyakokinta na ƙasa, wasu ƙasashen ma kan yi nasu lokaci zuwa lokaci, kuma kada mu ruɗi kanmu, baƙar fata a cikin mota shi ido ke fara sauka a kai. In za ka tsallaka iyaka, fasfo da katin zama tare suke tafiya, na ainihi, ba hoto ba.

Wani rami da ba a cika gani ba shi ne lokacin sabunta katin. Ofisoshin baƙi a manyan birane cunkoso gare su, don haka a nemi rana tun saura wata 2 ko 3 katin ya ƙare. In ya ƙare kafin sabon ya fito, a Jamus akan ba ka takardar wucin gadi mai suna Fiktionsbescheinigung. Duba akwatin da aka yi wa alama a jikinta. In sashe na 81 sakin layi na 4 na dokar zaman baƙi ne, kana iya fita ka dawo muddin wa'adinta bai cika ba. In sakin layi na 3 ne, ka zauna inda kake, don in ka fita ba za ta dawo da kai ba. A Faransa ma rasidin da ake bai wa mai neman katin farko ba takardar tafiya ba ce. Ni shawarata, ko mai kyau ce a hannunka, ba lokacin zuwa bikin ƙanwa a gida ba ne, domin ba kowane ma'aikacin filin jirgi ya taɓa ganin irin wannan takarda ba, kuma gardama da shi jirgi na shirin tashi ba ta da riba. Mai niyyar zuwa gida ya daɗe, ko don bincike ko don aure, ya san cewa katin zaman Jamus yakan mutu in mutum ya wuce wata 6 a waje ba tare da ya nemi izini tun kafin ya fita ba.

Yanzu maganar araha. Tikitin jirgin sama na yuro 15 gaskiya ne, akwai shi, amma araha ba ta ado. Filin jirgin Beauvais da ake liƙa wa sunan Faris yana da nisan kusan kilomita 85 daga birnin. Frankfurt-Hahn ya fi kilomita 100 daga Frankfurt. Kuɗin motar da za ta kai ka gari kan zarce kuɗin jirgin, kuma in tashin asuba ne ko ka kwana a benci ko ka biya masauki. Sannan jaka: ƙaramar da ke shiga ƙarƙashin kujera ce kawai kyauta, in taka ta ƙi shiga ma'aunin ƙarfen da ke bakin ƙofa za ka biya fiye da abin da ka sayi tikitin. Ka haɗa lissafin duka daga ƙofar ɗakinka zuwa ƙofar masauki kafin ka ce wannan ya fi jirgin ƙasa sauƙi. Abin da ɗalibai ba sa nema kuma haƙƙinsu ne: in jirgin da ya tashi daga ƙasar Tarayyar ya makara awa 3 ko fiye da laifin kamfani, doka ta tanadi diyya daga yuro 250 zuwa 600 gwargwadon nisan tafiya.

Jirgin ƙasa ma da nasa tarkon. Deutschlandticket, tikitin wata da aka fara a Mayun 2023 kan yuro 49, yana shiga bas da taragon gari da jiragen yanki a duk faɗin Jamus, amma ban da masu gudu irin su ICE da IC. Kuma biya ne mai sabunta kansa kowane wata, in ba ka soke kafin 10 ga wata ba sai ka biya na gaba. Kafin ka saya ma duba, wataƙila yana cikin kuɗin zangon da ka riga ka biya makaranta. A Italiya tikitin takarda na jirgin yanki sai ka cusa shi a na'urar da ke bakin dandamali ta buga masa lokaci, in ba haka ba mai duba tikiti zai ɗauke ka kamar wanda bai saya ba. Tashoshin Jamus ba su da shinge, shi ya sa shaiɗan kan raya wa sabon zuwa cewa ai tasha biyu ce kawai, ya shiga ba tikiti. Tarar yuro 60 ce, kuma in abin ya maimaitu yana iya kaiwa gaban alƙali, ga ka mai neman a sabunta maka zama. Mai son doguwar zagaya ya san Interrail, tikitin jirgin ƙasa ɗaya mai zagaya ƙasashe da yawa, na mazauna Turai ne, kuma katin zamanka ya sa ka cikinsu, sai dai a Faransa da Italiya da Sifen jirage masu gudu na buƙatar ka kama kujera da ƙarin kuɗi.

Ƙananan abubuwa masu tsotse aljihu: ba ko'ina ake kashe yuro ba, Folan da Cek da Hangari da Denmak da Suwidin da Suwizalan kowa da kuɗinsa, kuma in na'urar cire kuɗi ta tambaye ka ko ta yi maka canji zuwa yuro, ka ƙi, ka zaɓi kuɗin ƙasar, don canjinta tsada gare shi. Layin wayar da ka saya a wata ƙasar Tarayyar na aiki a sauran ƙasashenta ba ƙarin caji tun 2017, amma Suwizalan ba ta cikin tsarin, kashe data kafin motarka ta ratsa ta. Sannan ka riƙa nuna katin zamanka a gidajen tarihi: Louvre da ke Faris kyauta ne ga mazaunin ƙasashen Tarayyar da bai kai shekara 26 ba.

Duk wannan yawo kuwa a kan karatu yake tsaye, kuma nan ne wasu ke mantuwa. Tsarin can kowane darasin da ka ci yana da makin nauyinsa, maki 30 ake sa ran ka haɗa a kowane zango, 60 a shekara. Malami ba ya kiran suna a yawancin laccoci, ba mai tambayar ina ka shiga, sai mutum ya ga kamar hutu yake. A jami'o'in Jamus da yawa shiga aji bai sa ka cikin masu jarrabawa ba, sai ka yi rajistar kowace jarrabawa da kanka cikin wa'adinta. Galibi kuma sau 3 ake ba ka dama a darasi ɗaya, in ka faɗi na ƙarshe an sallame ka daga wannan fanni. Ranar sabunta katin zama jami'in na iya cewa ka kawo sakamako ya ga inda ka kai. Hotunan hasumiyar Eiffel ba sa cikin abin da yake dubawa. Hutun da ke tsakanin zanguna ma ba duka hutu ba ne, a cikinsa ake rubuta jarrabawa da miƙa ayyuka, don haka sai jadawali ya fito ake sayen tikiti. Wanda yake son zama wata ƙasa da gaske ya nemi Erasmus, shirin musayar ɗalibai tsakanin jami'o'in Turai, ta ofishin ɗaliban waje na jami'arsa. Da yawa sun ɗauka na Turawa ne kaɗai, alhali duk ɗalibin da ke da rajista a jami'ar yana iya nema, zango ɗaya ko biyu da tallafin kuɗi.

Haka batun aiki. Kuɗin da Jamus ke sa ɗalibi ya kulle a asusu, yuro 11,904 na shekara tun Satumban 2024, yuro 992 ne ke fitowa a wata, kuma haya da inshorar lafiya ke cinye mafi yawansa. Doka ta yarda ka yi aikin cikakkun kwanaki 140 ko rabin kwana 280 a shekara, Faransa kuma awa 964. Mai bin aikin hannu da hannu don ya tara kuɗin yawo ko ya aika gida, ranar da aka kama shi katin zamansa ne a kan faifai. 'Yan uwa da ke ganin hotunanka a WhatsApp suna lissafa yuro da naira ko sefa, gara ka gaya musu gaskiyar kuɗin haya tun wuri.

Na ƙarshe, wanda ba a rubuta shi a takardar shiga makaranta: lokacin sanyi a arewacin Turai rana kan faɗi wajen ƙarfe 4, azahar da la'asar da magariba duk su faɗo cikin lokacin lacca. Nemi ɗakin salla ko lungu mai tsabta tun makon farko, ka sa 'yar darduma mai naɗewa a jaka. Shaguna a Jamus ba sa buɗewa ranar Lahadi, wanda ya dawo daga tafiya daren Asabar firji ba kowa zai kwana da ruwan shayi, sai dai ya nufi shagon babbar tashar jirgin ƙasa ya bi layi.