Prohibitive ba ya nufin haramun, jama'a

Jiya ƙanena da ke shirin WAEC ya kawo min aikin fassara in duba masa, an ba su jimlar "the cost of Hajj is prohibitive", shi kuma gogan naka ya zauna ya rangaɗa "kuɗin Hajji haramun ne". Na ce kai Malam rufa mana asiri kar a ji ka a masallaci. Kuma ba shi kaɗai ba ne wallahi, na sha jin irin wannan katoɓarar har a labaran rediyo.

Inda ake zamewa shi ne ana haɗa kalmar prohibitive da prohibited, don uwarsu ɗaya, duk daga kalmar Latin prohibere suka fito, wato tarewa ko hanawa. Amma prohibited doka ce ko hukuma ta ce a'a, kamar kayan da kwastam ta sa a jerin waɗanda ba a shigowa da su, ko yadda Amurka ta hana sayar da giya daga 1920 zuwa 1933. Ita ko prohibitive, in maganar kuɗi ake yi, babu wanda ya hana ka komai, kaya ga shi nan a shago, halal ɗinka ne, ka tambayi kuɗi aka faɗa maka, ka taya mai kaya ya ce albarka, ka sosa ƙeya ka juya. Farashin ne ya tare ƙofa.

Wasu kuma sun gane ta shafi tsada sai suke liƙa ta a ko'ina. Kwanon tumatir ya ƙara kuɗi, ka yi mita ka yi tsaki amma dai ka saya aka yi miya, to wannan tsada ce kawai. Sai abin ya sa ka haƙura gaba ɗaya tukuna, kamar bayan cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023 da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, mutane da yawa suka lulluɓe motocinsu suka koma hawa a-daidaita-sahu.

Sannan ba a jingina ta da kayan kansa, ba a cewa mota ce prohibitive, galibi da farashi ko haraji take tafiya. In kan kayan kake son magana sai ka ce prohibitively expensive.

Wajen juyawa Hausa kuma don Allah a daina "farashi mai hanawa", ba Bahaushen da ke magana haka. Muna da namu, ya fi ƙarfin aljihu, ba ya sayuwa, sai dai kallo, ni dai na fi son "ya gagari Kundila" duk da editoci kan ce ya yi zafi da yawa a labarai. Ƙanen nawa dai ya goge ya rubuta "kujerar Hajji ta fi ƙarfin talaka".