Darasi na 9: Lanƙwasa Bututun Kan Keke a Gida

Malam, kafin komai ɗora maganaɗisu a jikin bututun. In ya manne, ƙarfe ne, bismillah. In bai manne ba, wataƙila alminiyam ne, ajiye shi. Shi ba ya yin ja a wuta, kuma in aka matsa masa yakan tsage ta yadda ido ba ya gani, sai ranar da ya karye da mutum a gangara. Fayif ɗin famfo mai farin shafe ma a bar shi, hayaƙinsa guba ne.

Inda birki da robar hannu suke shiga, kaurin bututun milimita 22.2 ne. In lamba tana ba ka wuya, ba komai. Ɗauki tsohon kan kekenka ka je kasuwar Muda Lawal da ke Bauchi, ka gwada baki da baki.

Yanzu sai yashi. Bututu fanko ne, in ka lanƙwasa shi haka nan zai lotsa, ya naɗe kamar ɗanyen kara. Yashi ne ke riƙe shi daga ciki. Tankaɗe shi da rariya, ka soya a kasko har ya bushe ƙayau. Ko da rani ka ɗebo shi, soya shi. Yashi mai laima in ya ji wuta tururi yake yi, ya harbo toshiyar bakin bututun da ƙarfi.

Fere itace ka toshe baki ɗaya. Tsayar da bututun. Zuba masa yashi cikin tafin hannu ɗaya, ka bubbuga jikin bututun da sanda. Ƙara zubawa, ka bubbuga. Za ka ga yashin yana sauka. Ƙara, ka bubbuga. Sannu, kana yi daidai. Ko ya cika har baki, kar ka yarda da shi, bubbuga, zai sake sauka. Da farko za ka ji ƙara ƙal-ƙal, in ya danƙaru sai ka ji dif-dif. Sai a nan za ka toshe ɗaya bakin.

Don Allah a ji ni. Kowace shekara sai wani ya zo aji da lotsattsen bututu yana cewa ƙarfen ne ba shi da kyau. In na cire toshiya, yashi rabi! Gaggawar me ake yi? Ku manya ne, masu iyali. A bubbuga.

Sa alama da alli inda kake son lanƙwasar. Nan kaɗai za ka sa a garwashin gawayi, har ya yi ja kaɗan. Naɗe hannunka da busasshen tsumma mai kauri, ka saƙala bututun tsakanin rassan darbejiya, ka ja a hankali, ban da fizga. Yi ɗaya gefen, ka gwada su daidaita. Bar shi ya huce da kansa, kar ka tsoma a ruwa.

Darasi na 10: Ɗaurawa

Cire toshiya, zazzage yashi. Duba ko akwai tsaga. In akwai, jefar. In babu, shafa fenti, ɗaura, ɗaure noti sosai.