Ki Gama Labarin Kafin Ki Karɓi Ko Sisi

Ƙanwata mai son fara rubuta nobel daga nan ƙauye, zo ki ji abin da ni ban samu mai faɗa min ba sai da na sha wuya.

Ki fara sayen littafin rubutu irin na 'yan makaranta da biro biyu, dan Allah kar ki fara a waya. Mu nan gefen Ringim caji ma sai an ba yaro ya kai shagon mai sola, kuma ran da waya ta faɗa bokiti ko aka yi mata filashin to babi goma sun tafi kenan, ba mai dawo miki da su. Bayan isha'i ki yi ko shafi biyu ne kullum, ran da batir ya cika sai ki zauna taifin, a nan ma za ki kama kurakuranki da kanki.

Labarin kuma ba dole sai jarumi ya sauko daga jirgin Dubai ba. Ke fa kin san yadda uwa ke zubin adashi tana tara wa 'yarta kayan ɗaki kwano ɗaya ɗaya duk ran kasuwar Gujungu, kin san shirun da gida ke yi ran da aka kawo lefen kishiya, to wannan marubuciyar birni sai dai ta tambaya. Ni yayata nake karanta wa tana tankaɗe, in na ga ta ajiye rariya ta zuba min ido na san wurin ya yi, in ko ta ci gaba da aikinta sai na soke shafin ko da ina sonsa.

To sai maganar kuɗi, wlh nan ne na ji jiki. Yadda ake yi shi ne ki saki shafukan farko kyauta a guruf na WhatsApp ko Facebook ko manhajar karatu ta Wattpad, in labari ya ɗau zafi sai ki sa farashi, mai so ta tura ta banki ko ta je wajen mai POS ta turo miki shaidar biya ki sa ta a guruf ɗin waɗanda suka biya. Ni na karɓi kuɗin mutane labari yana rabi, damina ta faɗi ga aikin gida ga wayata ta mutu, sama da wata guda ba fostin, na dawo na tarar da maganganun da har yau suna min ciwo, kuma gaskiyarsu ce, haƙƙinsu na riƙe. Ki rubuta har ƙarshe tukuna.

Za a fitar miki da labarin waje ga waɗanda ba su biya ba, wannan kam ki sa a ranki, shi ya sa ki riƙa sa sunanki a kan kowane fej. Masu karanta nobel a YouTube in sun zo, ku yi ciniki a rubuce kafin ki tura komai.

Ki shiga ƙungiyar marubuta guda ɗaya inda ake gyara wa juna ƙa'idojin rubutu, ba inda ake ta yabo kawai ba. Ki kuma gwada Hikayata, gasar gajeren labari ta mata zalla da BBC Hausa ta fara a 2016, ko ba ki ci ba za ta koya miki taƙaita zance. In kin aika, ki ajiye kwafi a imel ɗinki, na takarda kuma ki sa a leda cikin akwati saboda gara.