Famagusta: Abin da Ke Bayan Ƙofar Makaranta

Yawancin 'yan uwanmu da ke sauka a Famagusta, a tsibirin Saifurus, karatu ne ya kawo su, galibi a Jami'ar Gabashin Bahar Rum, wadda kowa ke kira EMU. Abin da na lura da shi shi ne mutum zai yi shekara huɗu a garin, rayuwarsa duka tsakanin ɗaki da aji da Titin Salamis, ya san duk mai sayar da shawarma da duk shagon canjin kuɗi, amma bai taɓa leƙa cikin ganuwa ba sai ranar da iyayensa suka zo bikin yaye ɗalibai. Wannan asara ce, ƙannena. Tsohon garin yana kusa, motocin jami'a suna kai wa bakinsa, kuma mafi yawan abin kallo a ciki ba a biyan ko lira ɗaya.

Da farko ku san inda kuke. Tsibirin Saifurus, wanda Larabawa ke kira Ƙubrus, a rabe yake tun 1974, Turkawa a arewa, Girkawa a kudu. Kuna ɓangaren arewa ne, wanda ya ayyana kansa ƙasa a 1983, kuma Turkiyya kaɗai ta amince da shi. Shi ya sa jirginku sai da ya biya ta Turkiyya kafin ya sauka a Ercan, shi ya sa kuma kuɗin hannunku lira ne. 'Yan gari ba su cika cewa Famagusta ba, Magusa suke cewa, kuma Gazimağusa za ku gani a jikin mota da allon hanya.

Ku fara da ganuwa. Wanda ya taso yana hawa badalar Kano zai gane ta nan take, sai dai wannan ta dutse ce, tsawonta wajen kilomita 3, da ƙaton rami kewaye da ita ta ɓangaren tudu. Mutanen Venis, birnin da ke Italiya a yau, su ne suka yi mata wannan kauri bayan sun karɓi tsibirin a 1489, don sun san Turkawa na nan tafe da igwa. Suka kuwa zo. Rundunar Daular Usmaniyya ƙarƙashin Lala Mustafa Pasha ta kewaye garin daga Satumba 1570 har Agusta 1571, kusan wata 11, kafin kwamandan Venis, Marcantonio Bragadin, ya miƙa wuya, aka kuma yi masa kisan gilla bayan an ba shi amana. Har yau akwai dunƙulallun duwatsun igwa a zube a wasu kusurwoyin garin. Ku shiga ta Akkule, ƙofar tudu, ku hau sama da la'asar sakaliya. Daga nan za ku ga garin duka, da kangayen coci-coci suna leƙowa tsakanin gidaje da itatuwan dabino. 'Yan gari na cewa a da akwai coci 365, ɗaya ga kowace rana. Ƙari ne irin na masu son garinsu, amma yawan kangayen zai sa ku fahimci inda zancen ya samo asali. Arzikin da ya gina su ya zo ne bayan 1291, lokacin da Musulmi suka ƙwace birnin Akka na gaɓar Falasɗinu daga hannun mayaƙan Salibiyya, attajiran Kiristoci suka gudo nan da dukiyarsu, tashar jirgin ruwan Famagusta ta zama mahaɗar fataucin gabas da yamma.

Wurin da na fi so ku daɗe shi ne Masallacin Lala Mustafa Pasha, a tsakiyar gari. Daga nesa za ku rantse cocin Faransa ce, kuma ba ku yi kuskure ba. An fara gina ta a 1298 da sunan Cocin Saint Nicholas, zamanin sarakunan Lusignan, Faransawan da suka mulki tsibirin, kuma a cikinta ake naɗa musu sarautar Ƙudus ko da yake Ƙudus ɗin ta daɗe da kuɓuce musu. Bayan 1571 aka cire gumaka, aka shafe zane-zane da farar ƙasa, aka ɗora hasumiyar kiran salla a kan ɗaya daga cikin dogayen ginshiƙanta biyu na gaba. Idan kun shiga za ku ga sahu bai bi tsawon ginin ba, masallata gefe suke fuskanta, domin maginan farko gabas suka nufa, alƙibla kuwa daga nan wajen kudu take. Ana salla a ciki kullum. Ku yi Juma'a ɗaya a nan ko da huɗubar da Turkanci ce ba ku ji. 'Yan yawon buɗe ido suna shiga tsakanin salloli, suna cire takalmi, mata suna yafa gyale, don haka kada ganinsu ya ba ku mamaki.

A ƙofar masallacin akwai wata tsohuwar bishiya mai faɗin inuwa, 'yan gari na ce mata cümbez. Ku duba 'ya'yanta da ke fitowa a jikin gangar: ɓaure ne, irin namu. An ce tun lokacin ginin aka dasa shi, wato ya haura shekara 700. Dattawa na zama a ƙarƙashinsa suna shan gahawa. A gefen dandalin da ke gaban masallacin akwai ragowar fadar gwamnan Venis, da ɗan ɗakin da aka tsare marubucin Turkiyya Namık Kemal wata 38 daga 1873, saboda wani wasan kwaikwayo da ya ɓata wa Sarkin Musulmi na Santambul rai. Sunansa dandalin ke ɗauke da shi. Daga nan ku gangara bakin tashar ruwa zuwa Hasumiyar Othello, tsohon sansanin da ke da zaki mai fukafukai a saman ƙofarsa, tambarin Venis. Turawan Ingila ne suka laƙaba mata sunan daga wasan Shakespeare. Nan ana biya, amma ku nuna katin ɗalibi a rage muku. Idan kun gaji, Petek na nan kusa, gidan kayan zaƙi ne da duk ɗan Magusa ya sani, ku ɗanɗana baklawa da shayi.

Yanzu maganar da ke buƙatar natsuwa. Kudu da ganuwa akwai unguwar Varosha, Turkawa na ce mata Marash. Kafin 1974 ita ce matattarar masu hutu mafi shahara a tsibirin, manyan otal-otal jere a bakin teku. A watan Agusta na shekarar, da sojojin Turkiyya suka matso, mazaunanta Girkawa suka fice suna zaton kwana biyu za su yi. Aka zagaye wurin da waya, ya zauna a rufe har Oktoba 2020 da aka buɗe wasu titunansa. Yau ana shiga da rana, a ƙafa ko a keken haya, kana tafe kana ganin shaguna da allunansu na da, bishiyoyi sun tsiro ta tagogi. Ku je, ya cancanta. Amma kada ku tsallake igiyar da aka gitta, kada ku shiga gini, kada ku ɗauki hoton soja ko barikinsa, a nan ko a ko'ina cikin arewacin tsibirin. Jan allo mai hoton soja da bindiga ba ado ba ne. Kuma idan hira ta kai ga 1974, ku zama masu saurare. Abin da wani ke kira aikin wanzar da zaman lafiya shi wani ke kira mamaya, kowane ɓangare kuma yana da gidan da ya rasa da mamacin da yake kuka.

Haka ma iyakar da ta raba tsibirin. Akwai mashiga a Deryneia, kusa da garin, kuma za ku ga Turawa na wucewa abinsu. Takardar zamanku ta ɗalibi ba ta ba ku wannan damar ba, kuma gwamnatin kudu ba ta ɗaukar shigowa ta Ercan a matsayin halastacciya. Duk wanda ya ce ku ba shi kuɗi ya tsallakar da ku Turai da dare, ku yi nesa da shi. Abin da ya fi ba ni takaici a wannan rabuwa shi ne ƙabarin sahabiya Ummu Haram bint Milhan, wadda ta rasu a tsibirin lokacin yaƙin ruwan da Mu'awiya ya jagoranta a zamanin Halifa Usman, yana Larnaka ne, can kudu. Kuna kusa da shi, amma ziyara sai da bizar can.

Wajen kilomita 6 arewa da gari akwai kangon Salamis, birnin da ya riga Famagusta. Ginshiƙan marmara na filin motsa jiki suna tsaye, ga wuraren wanka na Rumawa, ga dandalin wasa da aka ce yana cin mutum 15,000. Girgizar ƙasa ta rushe shi a ƙarni na 4, aka sake gina shi, sannan aka watse bayan hare-haren Larabawa a ƙarni na 7. 'Yan uwanmu Kiristoci sun san sunan, nan Bulus da Barnaba suka yi wa'azi, kuma ƙabarin Barnaba yana ɗan gaba kaɗan, kusa da tsohon gidan ibadar da aka mai da gidan tarihi. Wurin fili ne babu inuwa, ku tafi da sassafe da ruwan sha da hula.

Teku kuwa, Glapsides ce ta ɗalibai, ba ta da zurfi a baki, yashi ne zalla. Palm Beach tana jikin wayar Varosha. Da yawanmu ba mu iya iyo ba, kuma ba abin kunya ba ne, abin kunya shi ne a shiga zurfi don kada abokai su yi dariya. Ku tsaya inda ruwa bai wuce ƙugu ba, kada ku shiga da dare, kada ku shiga ku kaɗai. Shigar mutane a bakin ruwa ba irin wadda muka saba ba ce. Turkawan Saifurus Musulmi ne, amma ba su da tsanani, giya da gidajen caca a fili suke. Wanda abin ya dame shi ya je bayan asuba, ko daga ƙarshen Oktoba lokacin da baƙi suka ragu. Ƙannena mata, babu mai hana ku zama a bakin ruwa da hijabinku, ba wanda zai ko kalle ku.

A kasuwar ranar Alhamis za ku sha mamaki. Molohiya da suke ji da ita busasshen lalo ne, ana dafa shi da nama da tumatir da lemon tsami. Kolokas gwaza ce, bamya kuɓewa. Ku gwada hellim, cukun da ake gasawa ba ya narkewa. A manyan kantuna ku riƙa duba kalmar domuz a jikin kaya, alade ke nan. Ruwan famfo na wanka da wanki ne, na sha a manyan jarkoki ake saye.

Idan an yi hutun tsakiyar zango, ku haɗa kuɗi ku huɗu ko biyar ku yi hayar mota zuwa Karpaz, dogon wutsiyar tsibirin, tafiyar wajen awa 2. Wanda zai riƙe sitiyari ya tuna hannun hagu ake bi, gadon mulkin Ingila, kuma a shataletale aka fi mantawa. Can ƙarshen hanya jakunan da manoma suka bari suka zama na daji za su tare ku, suna cusa kai ta taga. Ku saya musu karas tun daga gari, ku kuma cika tanki kafin ku wuce Dipkarpaz, don bayansa babu gidan mai.