Kurakuran da baƙi suka fi yi a gandun dajin Kakadu

Ranar da na fara zuwa magangarar ruwa ta Jim Jim, ƙarshen watan Satumba ne. Mun sha gargadar hanya kusan awa biyu bayan mun sauka daga kwalta, sannan muka bar mota muka yi ta haurar duwatsu, wasu sun kai ɗaki girma, har muka isa gindin dutsen. Na ɗaga kai ina neman farin ruwan nan da na saba gani a hotuna. Sai ga bango tsaye mai tsawon wajen mita 200, ya yi baƙi a inda ruwa ya saba bi, amma ko ɗigo babu. Abokin tafiyata ya share gumi ya dube ni ya ce, "To Malam, ina ruwan?" Na rasa bakin magana, don ni na tsara tafiyar.

Kuskuren farko ke nan, kuma shi ne uwar sauran: mutum ya zaɓi lokacin da ya yi masa daɗi, ya ɗauka daji zai jira shi. Kakadu yana can arewacin Ostireliya, gabas da birnin Darwin, kuma lokutansu a juye suke da namu. Daminarsu daga Disamba ce zuwa Maris, sanyinsu kuwa Yuni zuwa Agusta. Jim Jim tana cika ne a damina, daidai lokacin da hanyarta ke ƙarƙashin ruwa, don haka yawancin hotunan da ke jan mutane daga jirgin sama aka ɗauke su. Wanda yake son ya ga ruwan yana zuba da ƙarfinsa, ya zo a damina ya biya kuɗin ƙaramin jirgi daga garin Jabiru. Wanda yake son ya taka da ƙafarsa har gindi, ya zo da zarar an buɗe hanya a farkon rani, tun ruwan bai ƙafe ba. Ba a haɗa gudu da susar duwawu. Idan kuma rani ya yi nisa, magangarun Maguk da Twin Falls sun fi riƙe ruwa.

Masu ƙasar, wato 'yan asalin wurin, waɗanda ake kira Bininj a arewacin gandun da Mungguy a kudancinsa, ba damina da rani kaɗai suke ƙirgawa ba. Lokuta shida gare su. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, tunda shi ma ya san bazara daban, kaka daban, hunturu daban. Wurrkeng ne sanyinsu, lokacin da tafiyar ƙafa ta fi daɗi. Kurrung zafi ne busasshe daga tsakiyar Agusta, sa'ad da ruwa ke janyewa, dubban agwagin daji su taru a fadamar Mamukala. Kunumeleng kuwa bazararsu ce sak: hadari yana haɗuwa yana watsewa, zufa kamar an watsa maka ruwa. Ka fara tambayar kanka abin da kake son gani, sannan ka zaɓi wata.

Akwai kuma masu raina girman wurin. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 20,000, kusan daidai da jihar Kano gaba ɗaya. Daga Darwin zuwa garin Jabiru kaɗai kilomita 250 ne ko kusa da haka. Mai cewa zai je da safe ya dawo da yamma, kwalta zai gani. Kwana uku shi ne mafi ƙaranci. A sayi takardar shiga tun kafin a taso, a cika tanki a Jabiru ko Cooinda, kuma kada a nufi Jim Jim da ƙaramar mota. Hanyar ta fowil ce, wato mota mai ja da ƙafa huɗu, kuma ba kowace motar haya aka yarda a kai can ba, sai a karanta takardar hayar.

Sai maganar kada, wadda a nan babu wasa. An ƙiyasta akwai wajen 10,000 a Kakadu, iri biyu. Na ruwan daɗi siririn baki gare shi, ba ya cika wuce mita 3, kuma yakan guje wa mutum idan ba a takura shi ba. Ɗayan, wanda masu ƙasar ke kira ginga, shi ne ake ce wa na ruwan gishiri, kuma wannan sunan ne ke yaudarar baƙi. Sai mutum ya ga tafki mai ruwan daɗi, nesa da teku, ya ce ai nan lafiya. Ba haka ba ne. Ginga yana zama a kogi da tafki da fadama, kuma idan damina ta haɗe ruwaye yakan yi tafiya mai nisa har cikin kwazazzaban duwatsu. Namijinsa yakan kai mita 5. Tun 1971 aka hana farautarsu a wannan yanki, sun hayayyafa sun girma. Shi ya sa ma'aikatan gandun ba sa buɗe wuraren wanka bayan damina sai sun yi bincike sun kafa tarko, kuma ko sun buɗe ba sa ɗaukar wa kowa alkawari.

Na ga yadda wauta take da idona a mashigar Cahills, inda hanya ta ratsa kogin East Alligator zuwa yankin Arnhem na 'yan asalin ƙasar. Idan teku ta tunkuɗo ruwa ya haye kan simintin, kifaye sukan biyo shi, kadoji su jeru a bayan mashigar, baki buɗe, ƙafafun gaba a shimfiɗe, suna jira. An gina dandamali a sama don masu kallo. Duk da haka na ga wani yana tsaye ruwa har idon sawu yana jefa ƙugiya, bai fi taku goma da kan wani kada ba. An rasa rayuka a wannan mashigar, har a 2017. Gyaran ba wuya: ka bar aƙalla mita 5 tsakaninka da bakin ruwa, ka kafa tanti can nesa, kada ka gyara kifi a gaɓa, kada ka riƙa komawa wuri guda kullum saboda ginga yana lura da ɗabi'a. Ga 'yan'uwa Musulmi kuma, ka riƙe butarka. Tsugunawa a bakin tafki don alwala ita ce tsayuwar da ginga ya fi so. Rashin ganin allon gargaɗi ba izini ba ne, rashin ganin kadan ma haka. Mai son kallonsu cikin kwanciyar hankali ya shiga jirgin ruwa na Yellow Water da asuba, zai ga kada ya ƙoshi, ga tsuntsaye, don kusan kashi ɗaya cikin uku na nau'o'in tsuntsayen Ostireliya ana samunsu a gandun nan.

Zafi ma yana kwantar da mutane, sai dai shi ba ya shiga labarai kamar kada. Lita guda ta ruwa ga kowace awa ta tafiya, hula mai faɗi, a fita da sassafe. Doguwar hanya irin ta Barrk, mai kilomita 12 a kan duwatsu, ba ta wanda ya tashi da hantsi ba ce. Kada ɗan Sakkwato ya ce ya saba da rana. Zafi mai ɗauke da laima wani abu ne daban.

Inda na fi jin takaicin baƙi shi ne wajen zanen duwatsu. An ƙirga wurare sama da 5,000 masu zane a Kakadu, wasu zanen sun kai shekara 20,000, kuma suna cikin dalilan da UNESCO ta sa gandun a jerin wuraren tarihi na duniya a 1981. Amma sai ka ga mutum ya shiga Ubirr, ya ɗaga waya, ƙyas ƙyas, ya wuce da sauri don ya kama faɗuwar rana a saman dutse. Zagayen kilomita ɗaya ne kacal, me ake sauri?

Ka tsaya a babbar rumfar dutsen na minti goma ba tare da waya ba. Da farko jan launi kawai za ka gani a cakuɗe. Can sai kifayen su fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, an zana su da ƙashin baya da ƙayoyi da kayan ciki, kamar hoton asibiti. Wanda ya zana ya san kifin kamar yadda mahauci ya san saniya. Wani zanen yana kan wani, don a wajensu yin zanen ya fi ajiye shi muhimmanci. Can sama akwai wata dabba mai ratsi-ratsi a baya, mai kama da kare, wadda ta ƙare a babban yankin Ostireliya tun shekaru dubbai da suka wuce. Wani ya gan ta da idonsa ya zana. A gefe kuma ga Bature da riga da takalmi. Tarihin ƙasa guda a bango guda. Wasu siraran mutanen da aka zana a inda hannu ba ya kaiwa, masu ƙasar sun ce ruhohin Mimih ne suka janyo dutsen ƙasa suka zana, sannan suka mayar da shi.

Kuskure ne kuma a ɗauka duk abin na mutanen da suka shuɗe ne. A Burrungkuy, wanda tsofaffin taswirori ke kira Nourlangie, shahararrun zanen rumfar Anbangbang wani dattijo mai suna Nayombolmi ne ya yi su wajen 1964. A nan Namarrkon yake, mai walƙiya, da gatura na dutse a kansa da gwiwoyinsa, da su yake sara gajimare a ji tsawa. Da na gan shi sai na tuna gatarin aradu da tsofaffinmu ke faɗa. Wasu fara masu ruwan lemo da shuɗi da ke fitowa gab da damina, 'ya'yansa ne a wajen masu ƙasar. Wanda ya tsallake cibiyar baƙi ta Bowali ko ta al'adu ta Warradjan, ko ya ƙi tsayawa sauraron bayanin ma'aikata, zai dubi wannan duka ya ga zanen yara.

Kada a taɓa. Maiƙon hannu da ƙura suna cin launin, wanda yawancinsa ƙasa ce mai launi, irin su ja da fara da rawaya. Idan ka lura za ka ga siririn layin roba da aka manna a saman wasu zanen don ya karkatar da ruwan sama. Mutanen da suka yi wannan wahala ba za su ji daɗin ganin ka tsallake shinge don hoto ba. Jirgin ɗaukar hoto maras matuƙi ma an hana sai da izini.

Haka nan idan ka tarar an rufe wuri, kada ka ɗauka taurin kan ma'aikata ne ka nemi ɓarauniyar hanya. Ƙasar tana da masu ita, tare da su gwamnati ke gudanar da gandun. Wani wurin ana rufe shi saboda rasuwa ko wani biki, wani kuma haramtacce ne gaba ɗaya. Magangarar Gunlom ta yi shekaru a rufe daga 2019 saboda an gina hanyar ƙafa kusa da wani wuri mai tsarki na ƙabilar Jawoyn, maganar har ta kai kotu. Tsallaka mashigar Cahills zuwa Arnhem ma sai da takardar izini daban, ta shiga Kakadu ba ta wadatar ba. Idan kuma ka ga hayaƙi a gefen hanya a watan Mayu ko Yuni, kada hankalinka ya tashi: ƙunar daji ce da gangan, kaɗan-kaɗan tun ciyawa na da danshi, don kada gobarar ƙarshen rani ta sami abin ci.

Hukumar gandun tana fitar da rahoton hanyoyi a intanet, wanne ke buɗe, wanne ke rufe, wanne sai fowil. Ka duba shi tun kana Jabiru ko Cooinda, don da ka yi nisa sabis ɗin waya zai ɗauke. Da na karanta shi a waccan safiyar, ko na tambayi matar da ke kan tebur a Bowali, da Maguk muka nufa.