Yadda za ka hana aljanin rubutu zama maka a taron bidiyo

Shekara uku ke nan ina riƙe da sakatariyar ƙungiyarmu ta masu tara aya da wake. Da muka gaji da biya wa wakilan Tasawa da Agye da Gidan Rumji kuɗin mota duk wata, sai muka mai da taron kan Zoom. Ni nake buɗewa, ni nake rufewa, daga ɗan ofishinmu na unguwar Zariya a nan Maraɗi.

Bara bayan kaka muka zauna da wani mai saye daga Yamai. A lissafina mu tara ne, allo kuma ya nuna goma. Na goman ba fuska, ba murya, sai baƙin akwati da suna a ƙasa. Na ɗauka yaron mai sayen ne. Da aka gama mai sayen ya yi mana sallama ya fita, mu kuma muka saki jiki muka tattauna farashin ƙarshe da za mu iya sauka a kansa. Kafin la'asar saƙo ɗauke da taƙaitawar abin da muka faɗa ya faɗo imel ɗin duk wanda aka gayyata, har da mai sayen. Hausarmu dai an dagula ta ba kai ba gindi, amma ma'ajinmu da faransanci yake faɗin lambobi kamar yadda muka saba, su kuwa sun fito tsaf. Shugaba ya kira ni: "Malam sakatare, wane aljani ka bari ya shigo mana?" Sunan da ya bi abin ke nan har yau.

Aljanin nan manhaja ce ta ƙirƙirarriyar basira. Akwai su da yawa, irin su Otter da Fireflies da Read AI da Fathom, kuma aikinsu ɗaya: su shiga taro kamar mutum, su saurara, su rubuta, su tura taƙaitawa. Abin da ya ɗauke ni lokaci kafin in gane shi ne ta inda suke bi. Ba ƙofa suke ɓallewa ba. Mutum ya yi rajista sau ɗaya, ya danna "na yarda", ya ba manhajar izinin duba kalandarsa ta Google ko Outlook. Daga ranar, duk gayyatar da ta shigo da adireshin taro, manhajar na iya zuwa da kanta, ko da mai ita yana kasuwa ko yana barci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa a wayar ɗan'uwanka take.

To fara da zaure. A Zoom akwai ɗakin jira, wanda a faransanci aka rubuta Salle d'attente. Kunna shi tun lokacin da kake tsara taron, ka kuma kashe damar shiga kafin mai masauki ya iso. Kowa zai tsaya a zaure sai ka ce bismillah. Kada ka taɓa maɓallin da ke shigo da kowa gaba ɗaya, ko da an makara kuma Alhaji yana ta aiko maka da saƙo. Karanta suna ɗaya bayan ɗaya. Waɗannan manhajoji yawanci ba sa ɓoye kansu: za ka ga sunan kamfanin, ko sunan wani abokin aikinka haɗe da kalmar da ke nufin mai ɗaukar rubutu. Wannan na biyun shi ne tarkon, domin ido yana ganin sunan da ya sani sai yatsa ya riga tunani. Ni yanzu takarda nake ajiyewa gefen kwamfuta da sunayen waɗanda na gayyata, ina soke kowa da biro in ya shigo.

In kowa ya hallara, kulle. Danna alamar garkuwa, ka zaɓi Verrouiller la réunion. Sai dai a nan dole in faɗi gaskiya: da irin rezon da wakilinmu na Agye yake fama da shi, yakan faɗi sau uku cikin taro ɗaya, kuma taro kulle ba ya karɓar kowa. Shi ya sa nake barin WhatsApp a buɗe. In ya ɓace ya buga mini, in buɗe, in shigo da shi, in sake kullewa. Ga kuma iyakar minti 40 ta Zoom na kyauta. Duk lokacin da ya yanke kuka sake haɗuwa, sabon taro ne, sai ka sake ƙirga kawuna.

Idan kuwa ya riga ya shigo, buɗe jerin mahalarta, ka taɓa sunansa, ka danna Supprimer. Ka duba saitinka tun da wuri cewa wanda aka fitar ba shi da ikon dawowa. Wani lokaci saƙo zai fito yana neman izinin naɗar taron, ƙi. Kashe masa makirufo aikin banza ne, ai ba magana ya zo yi ba. Kuma kada ka kai shi zaure ka manta, wani mataimakinka zai gan shi ya ji tausayinsa.

Akwai saiti mai ƙarfi wanda ke cewa sai mai asusun Zoom kaɗai zai shiga. Yana tare da yawa daga cikinsu, tunda a matsayin baƙi marasa asusu suke zuwa. Na gwada shi wata ɗaya na cire, domin ya tare mini Hajiya shugabar mata da dattawa biyu da jikokinsu ke danna musu waya. In mutanenka ma'aikatan ofis ne, sa shi. In irin nawa ne, zaure ya ishe ka.

Masu Google Meet, ku shiga saitin mai masauki ku cire taron daga "buɗe ga kowa", yadda wanda ba a gayyata ba sai ya ƙwanƙwasa. A Teams ma akwai ɗakin jira, aikin ɗaya ne.

Sannan magana da baki, wadda ta fi duk maɓallan nan. A cikin gayyata nake rubuta layi guda: ba a shigo da manhajar ɗaukar rubutu sai da yardar taro. Bayan addu'ar buɗewa in maimaita. Ba don na tsani abin ba. Mai taro da faransanci zalla zai iya amfana, kuma Zoom da Meet suna da nasu wanda mai masauki ke kunnawa kowa yana gani. Bambancin shi ne wa ya yanke shawara, kuma ina muryoyin mutane za su kwana. Nijar tana da dokar kare bayanan mutum tun 2017, da hukumar HAPDP a Yamai mai kula da ita, saboda haka naɗar muryar jama'a ba da saninsu ba ba ƙaramin abu ba ne. Ka kuma sani akwai masu naɗa daga cikin kwamfutar mutum ba tare da sun bayyana a jeri ba. Don haka maganar farashi mun daina yin ta a wutsiyar taron baƙo. A rufe wancan gaba ɗaya, a buɗe sabo da adireshin da ƴan gida kaɗai suka sani.

Saura ka duba gidanka. Wata biyu bayan abin da ya faru, sai ga wani a zaure ɗauke da sunan shugabanmu. Ashe taƙaitawar ranar ce ya so karantawa, aka ce sai ya yi rajista, ya danna ya wuce. Na hau babur na same shi a shago. Muka shiga asusunsa na Google, sashen tsaro, wurin manhajojin da aka ba izini, muka tarar da ita zaune da damar karanta kalanda. Muka cire izinin, muka shiga shafinta muka kashe shiga ta kai tsaye, sannan muka goge asusun. Ya karɓi wayarsa yana juya ta, ya ce, "Malam sakatare, kada mutanen Tasawa su ji wannan."