Kurakuran da Aka Fi Yi da WhatsApp a Katsina, da Hanyar Gyara Su

Duk wanda ya ɗan zauna a shagon mai gyaran waya a Ƙofar Kaura, ba zai tashi ba sai ya ji wani ya shigo yana cewa an ƙwace masa WhatsApp. Abin takaicin shi ne, galibin wannan asara ba ta bukatar ƙwararren ɗan kutse, mai wayar ne da kansa yake miƙa makulli, alhali manhajar ta tanadi abin kariya tun da daɗewa.

Babban kuskure shi ne bayar da lambobi shida da ake turowa ta saƙon tes. Wata gwaggona mai sayar da atamfa da turaren wuta a Babbar Kasuwa ta taɓa faɗawa wannan tarko. Wani ya kira ta cikin ladabi, ya ce, "Hajiya, ina wuni? Daga zauren 'yan kasuwa ne, za a raba tallafi, ki karanto mini lambar da ta shigo wayarki yanzu." Ta karanta masa, kuma kafin a kira sallar la'asar har ya fara aika wa abokan cinikinta saƙo da sunanta yana neman rance. Waɗannan lambobi da su ake buɗe asusun mutum a wata waya, don haka ba a ba kowa su, ko da wanda ya nema ya ce daga kamfanin yake. Idan an riga an bayar, sai a yi maza a sake rajistar layin a wayar mai shi, domin da zarar an shigar da sabuwar lambar, za a fitar da ɓarawon. Amma idan ya riga ya sanya tasa lambar sirri, sai an jira kwana 7 kafin a iya shiga.

Wannan ya kai mu ga sakaci na biyu, wato rashin kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wadda aka samar tun 2017. Mutum ne yake zaɓar lambar sirri mai alƙaluma shida, ya haɗa da adireshin imel saboda mantuwa, ta yadda ko an yaudare shi ya faɗi lambar tes, ɓarawo zai tarar da ƙofa ta biyu a kulle. Aikin bai kai minti biyu ba. Sai dai a guji sanya ranar haihuwa ko ƙarshen lambar waya, domin su ake fara gwadawa.

Akwai kuma masu jefar da tsohon sim su ci gaba da amfani da WhatsApp ɗin da ke kansa. Kamfanonin sadarwa kan sake sayar da layin da ya daɗe ba a amfani da shi, kuma wanda ya saya zai iya yin rajista da shi, ya tsinci kansa a zauren dangin wani. A cikin saituna akwai wurin canza lamba, wanda yake kwashe asusun da zaurukansa zuwa sabon layi, kuma da shi ya kamata a fara kafin a rabu da tsohon.

Batun ajiyar hira ya fi rikita mutane. Tun 2016 saƙonnin suke a rufe tsakanin mai aikawa da mai karɓa, kuma kamfanin ba ya ajiye su bayan sun isa, saboda haka idan waya ta faɗa ruwa, abin da aka kwafe zuwa Google Drive ko iCloud kaɗai ake iya dawo da shi. A nan ne ake gane cewa yaron shago ne ya buɗe Gmail ɗin ranar da aka sayi wayar, mai ita kuwa bai san kalmar sirrin ba. A ganina, ɗan kasuwar da lissafin bashinsa yake cikin saƙonnin murya ya fi kowa bukatar ya rubuta wannan kalma a littafi ya adana a gida. Haka nan, bayan an karɓo waya daga gyara, yana da kyau a duba jerin na'urorin da aka haɗa da asusun, waɗanda za su iya kaiwa 4, a cire duk wadda ba a sani ba.

Masu kula da zauruka su ma suna da nasu laifin. Zaure yana ɗaukar mutum 1,024, amma sai a watsa mahaɗin shiga a ko'ina, baƙi su cika shi. Ana iya sabunta mahaɗin, a kuma kunna saitin da zai sa sai admin ya amince kafin kowa ya shiga. Zauren sanarwar ɗaurin aure ko na makarantar Islamiyya kuwa, ya fi dacewa a taƙaita rubutu ga masu kula da shi.

'Yan kasuwa da yawa suna tura talla ta jerin watsa saƙo, mai ɗaukar lamba 256, sannan su yi mamakin shirun da suka ji. Dalili shi ne saƙon ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarka a wayarsa. Idan kuma an yi kuskuren farashi a hira da mutum ɗaya ko a zaure, ba sai an goge ba, domin tun 2023 ana iya gyara rubutu cikin minti 15 da aika shi.